Ta'aziyyar Maestra Amarilis Camacaro da Wanke Sunan Ɗanta Efraín

Cikin alhini da karayar zuciya, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangiji wanda babu mai ɗaga shi, Ƙungiyar Makaɗa da Masu Tsara Kiɗa ta Kwarin Turbio, da ke nan birnin Barquisimeto, ta samu labarin rasuwar uwarmu, malamarmu, kuma jagorar babbar tawagar makaɗanmu, Maestra Amarilis Camacaro de Yépez, wadda Allah ya yi wa cikawa da safiyar Talatar da ta gabata, tana da shekara sittin da takwas a duniya, bayan 'yar gajeruwar jinya a asibiti. A madadin mai girma Shugaban Ƙungiya, Don Hermógenes Piña, da Majalisar Amintattu, da malamai, da ɗalibai, da ragowar makaɗan da har yanzu suke tare da mu, muna miƙa ta'aziyyarmu ga yayarta, Doña Zoraida Camacaro, da ɗanta ɗaya tilo, Efraín Yépez Camacaro, mazaunin ƙasar Chile, da kuma ɗimbin almajiranta da ke warwatse a ƙasashen duniya.

Ba al'adar wannan ƙungiya ba ce ta tsawaita magana a ranar makoki, kuma ba al'adarta ba ce ta buɗe cikin gidan wani a bainar jama'a. Sai dai tun daga wurin zaman makoki wata magana take yawo a kan ɗan marigayiyar, maganar da muka san ba gaskiya ba ce, domin a gaban idonmu abin ya faru. Da izinin Doña Zoraida da na Efraín kansa, za mu faɗi abin da muka sani bayan mun ambaci hidimar marigayiyar.

An haifi Maestra Amarilis a garin El Tocuyo, a gidan wani tela da ke busa sarewa a tawagar makaɗan gari ranakun biki. Tana 'yar shekara shida aka ɗora mata goge a kafaɗa, kuma kafin ta cika sha biyar malamanta na garin suka yi wa mahaifinta gaskiya cewa abin da suka sani ya ƙare, sai dai a kai ta gaba. Aka tura ta makarantar koyon kiɗa a Caracas, babban birnin ƙasarmu, inda ta zauna a ɗakin wanki na gidan wata gwaggonta, tana maƙala wa gogen abin matse tufafi a igiyar shanya don ya rage ƙara, kada masu gida su kore ta. Daga nan ta samu gurbin ƙaro ilimi a ƙetaren teku, a birnin Prague. Malamin da ta faɗa hannunsa a can, wani dattijo marar fara'a, ya saurare ta sau ɗaya ya ce duk abin da ta iya a zubar a sake sabon lale, ya kuma riƙe ta shekara guda cur ba ta kaɗa waƙa ko ɗaya ba, sai jan izga a kan tsirkiya daga safe har hannu ya ƙage. Ta kan gaya wa ɗalibanta cewa a shekarar nan ta yi kukan da ya ishe ta har ƙarshen rayuwa, saboda haka kada kowa ya kawo mata nasa. Ta dawo gida da shaidar ƙwarewa mafi daraja, ta shiga gwajin ɗaukar makaɗa irin wanda ake yi a bayan labule don kada alƙalai su ga fuskar mai kiɗa, ta doke maza da yawa da suka girme ta, aka ba ta kujerar shugabar masu goge a ɗaya daga cikin manyan tawagogin babban birni.

Tana cikin ganiyarta, ba ta daɗe da haura talatin ba, sai 'yan yatsu biyu na ƙarshe a hannunta na hagu suka fara naɗewa da kansu. Abin mamakin shi ne, idan za ta ɓalle maɓalli ko ta kwaɓa ƙullun arepa, wainar masararmu, lafiyarsu ƙalau, amma da zarar sun taɓa tsirkiya sai su lanƙwashe su ƙi jin magana. Likitoci a gida da waje suka ce cuta ce da ke kama makaɗan da suka wahalar da hannu tun ƙuruciya, kuma ba su da maganinta. Ta ɓoye na wani lokaci, tana sauya yatsu tana dabara, har ranar da ta ji da kunnenta cewa tana ja wa na bayanta baya. Washegari ta je ta ajiye kujerar da kanta, ba wanda ya nema. Gogen da ta yi shekara ashirin da biyar tana bauta wa, ba ta sake kaɗa shi a gaban jama'a ba.

Da yawa a wannan sana'a tamu daga irin wannan rana ba a sake jin ɗuriyarsu. Ita kuwa sai ta koma aji, ta zauna a benci ɗaya da yaran da ta kusa haifa, ta koyi tsara kiɗa tun daga tushe, sannan ta shiga harkar fim, inda ta yi kusan shekara ashirin a ɗakunan tace fim masu duhu tana auna kiɗa da motsin hoto. Ta tsara wa finafinai sama da ashirin kiɗa, a nan gida da Kolombiya da Meziko, ta kuma karɓi lambobin yabo waɗanda ba ta taɓa rataya ko ɗaya a bango ba. Daraktocin da suka yi aiki da ita sun san ba ta da sauƙi. Akwai wanda ya nace sai ta sa masa kiɗa mai sa kuka a wurin da wata makiyayiya ke binne mijinta, sai ta dube shi ta ce, "Matar tana kuka, kai kana kuka, ni kuma me kake so in ƙara? Bar awakin nan su yi aikinsu." Aka bar wurin babu kiɗa sai ƙarar ƙararrawar awaki, kuma har yau shi ne wurin da masu kallo suka fi tunawa. A lokacin da na'ura ta fara maye gurbin makaɗa a sutudiyo, ta kafe cewa ba za ta sa hannu a fim ba sai an kira mutane masu rai sun kaɗa, kuma da yawa daga cikin dattawan wannan ƙungiya da wannan taurin kan nata suka yi renon 'ya'yansu.

Bayan rasuwar mijinta, Don Ovidio Yépez, injiniyan ɗaukar sauti, ta tattaro ta dawo jiharmu da ɗanta, ta karɓi jagorancin tawagarmu, wadda a lokacin ba ta wuce taron 'yan sa-kai ba. Cikin shekaru ƙalilan ta mayar da ita tawagar da ake gayyata ƙasashen waje. Ba za mu ce tana da laushin harshe ba, domin da ta ji mun faɗa da ta tsayar da mu. Babu mai busa a cikinmu da bai taɓa jin ta ɗaga sandar jagorancin kiɗa ta ce, "Kai, ɗana, wannan busa ce ko akuya aka taka wa wutsiya?" ba. Amma ita ce kuma mai zuwa wurin bita da ƙunshin burodi da mazarƙwaila a jaka, ta ajiye a bakin ƙofa ta kawar da kai, don kada mai ɗauka ya ji kunya.

Sai shekarun ƙunci suka zo, waɗanda babu wanda ke buƙatar mu ba shi labarinsu. Tsirkiya ta tsinke babu ta sauyi, motar haya ta ɓace daga titi, makaɗa suka riƙa tako da ƙafa daga unguwanni masu nisa da kayan kiɗa a baya. Wata rana ana tsakiyar bita wata yarinya mai busa sarewa ta sulale daga kujera ta faɗi, aka bincika aka tarar rabonta da abinci tun jiya da rana. Daga wannan rana Maestra ta sauya. Falonta ya zama wurin shirya ɗalibai don gwajin tawagogin ƙasashen waje. Da ƙwarewarta ta fim take ɗaukar su a bidiyo, ta kira tsofaffin abokan aikinta na ko'ina ta ce ga nata nan zuwa, a buɗe masa ƙofa. Ɗaya bayan ɗaya suka tafi, kuma duk wanda ya tafi sai ta zauna ta sake rubuta takardun kiɗan, ta raba kason wanda ya tafi ga waɗanda suka rage. Wannan ya haɗa ta rigima da Shugaban Ƙungiya, Don Hermógenes, wanda shi ne babban mai busa ƙaho a tawagar, kuma sa'anta ne tun suna makaranta. A gaban Majalisar Amintattu ya ce mata, "Amarilis, mu muna gini, ke kina zare tubali ta ƙasa. Idan kowa ya tafi wa zai yi wa garin nan kiɗa?" Ta ce, "Hermógenes, tsoho, cire tabaran nan ka dubi wuyan yaran. Ban koya wa yarinya busa shekara goma don ta suma a gabana ba. Garin ya yi haƙuri." Tun daga ranar suka daina gaisawa, duk da cewa kullum yana zaune a kujerarsa yana bin sandarta.

Yanzu mun zo kan maganar Efraín. Abin da ake faɗa shi ne, wai ya tsallake ya bar tsohuwa tana hawan bene da jarkar ruwa, ya tafi neman jin daɗi. Ga yadda abin yake.

Efraín shi ne mafi iya babban goge da wannan tawaga ta taɓa samu, kuma uwarsa ce ta fara koya masa tun yana ɗan shekara huɗu. An gayyace shi waje ba sau ɗaya ba, ya ƙi. Dalilinsa sananne ne: uwarsa da yayarta Doña Zoraida, wadda ciwon gwiwa ya hana ta saukowa, suna zaune a hawa na tara, na'urar hawa benen ta mutu an kasa gyarawa, ruwa kuma ba ya wuce tankin ƙasa. Shi ne mai hawa da jarka, shi ne mai bin layin gas, shi ne mai neman magani. Doña Zoraida ta shaida mana cewa uwarsa ta roƙe shi ya tafi, ta yi faɗa, ta yi lallashi, shi kuwa sai ya yi dariya ya sumbaci goshinta ya ce, "Mama, in na tafi wa zai hau miki da ruwa? Sandar kiɗa?"

Wata safiya muna bita, sai ta tsayar da mu, ta ce Efraín ya kaɗa wani sashe shi kaɗai. Ya kaɗa. Ta ce ya sake. Ya sake. Duk wanda ke ɗakin yana da kunne, kuma muna shaida a yau cewa babu ko ɗigon kuskure a abin da ya kaɗa. Ta ajiye sanda ta ce, "Hannunka ya mutu. Wannan hannun ɗan ga-ruwa ne, ba na makaɗi ba, ni kuwa ba ni da kujerar ɗan ga-ruwa. Ɗauki gogenka." Ya yi murmushi, yana zaton wasa ne irin nata, ya ce, "Haba, Mama." Ta ce, "A ɗakin nan ba ni da ɗa. Fita." Ya duba fuskokinmu, kowa ya sunkuyar da kai. Ya sa gogen a akwati ya fita. Ta ɗaga sanda aka ci gaba da bita har lokaci ya cika. Bayan an watse, Don Hermógenes ya shiga ɗakin ajiyar kayan kiɗa ya tarar da ita zaune a ƙasa a tsakanin ganguna. Ita ta fara magana, karo na farko bayan doguwar gaba. Ta ce, "Ya kaɗa daidai, ko?" Ya ce, "Kin fi kowa sani." Ta ce, "To, ka rufe bakinka. In ya ji, ba zai tafi ba."

Ba ta tsaya nan ba. Ta cire sunansa daga tawaga, ta bi makarantun kiɗan birnin nan ta ce kada wanda ya ba shi aji, a gida kuma ta daina cin abinci tare da shi. Bayan 'yan makonni ya hau motar da ke zuwa iyaka, bai yi mata sallama ba. Abin da ta yi zato shi ne zai shiga gwaji ya ci nan take, don ta san hannunsa. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, ya yarda da maganarta. Mutumin da uwarsa kuma malamarsa ta ce hannunsa ya mutu, da wace zuciya zai zauna a bayan labule? Ya shiga gwaji a Santiago, babban birnin Chile, ya faɗi, ya sake shiga ya faɗi. Ya wanke motoci, ya yi dako a kasuwa, ya kaɗa a tashar jirgin ƙasa mutane suna wucewa. Idan ya kira gida, da Doña Zoraida kaɗai yake magana, uwarsa kuwa tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki tana saurare, ba ta karɓar wayar, domin a cewarta idan ya ji muryarta ta yi laushi zai kamo hanya. Duk da haka bai taɓa fasa aiko da magani ba, ya kuma ɗauki nauyin wani maƙwabci da ke hau musu da ruwa. Sai a bara, bayan shekara huɗu, wata tawaga a kudancin Chile ta ba shi kujera ta gwaji, wadda sai a ƙarshen wannan wata za a yanke ko za a tabbatar masa da ita.

A farkon wannan shekara maƙwabcin nan shi ma ya bi sahun masu tafiya. Maestra ta hana a gaya wa Efraín. Ɗalibanta da suka rage sun riƙa zuwa su taimaka, amma in ta kama su sai ta fatattake su, tana cewa hannuwansu ba na jarka ba ne. Ranar Alhamis ta makon jiya da hantsi, babu wuta, matattakalar benen kuwa ko da rana duhu ne, tana hawa da jarka sai ƙafarta ta zame. Ƙashin ƙugunta ya karye. A asibiti, tana cikin hayyacinta, ta sa Doña Zoraida ta yi mata alkawarin ba za a sanar da shi ba sai ya gama wasannin gwajinsa. Da ciwo ya sauka a huhunta, sai Doña Zoraida ta karya alkawarin, amma lokacin da aka kara wa Maestra wayar a kunne ta riga ta daina magana. Ya yi ta kiran "Mama", ba mu sani ba ko ta ji.

Wannan ƙungiya ba ta fito don ta ce marigayiyar ta yi daidai ba. A cikinmu akwai masu ganin ta ceci ɗanta, akwai masu ganin ta zalunce shi, akwai kuma waɗanda suka kasa cewa komai. Allah ne masanin zukata, kuma yanzu tana gabansa. Abin da muke da tabbaci a kai shi ne, Efraín Yépez Camacaro bai gudu ba, korarsa aka yi.

A ranar da ta cika, Don Hermógenes ya kira shi ya gaya masa duk abin da ya faru a ɗakin ajiyar kayan kiɗa. Efraín ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Don Hermógenes, ashe ran nan ban yi kuskure ba?" Dattijon ya ce, "Ko ɗaya, ɗana. Ban taɓa jin an kaɗa wurin nan kamar yadda ka kaɗa shi ba." Da Efraín ya samu kansa daga kuka sai ya ce zai kamo hanya ko a ƙafa ne. Amma fasfonsa ya ƙare, takardar izinin zamansa ba ta fito ba, kuma idan ya ƙetare iyaka ba zai iya komawa ba, kujerar ma ta tafi. Don Hermógenes, wanda ya yi shekaru yana faɗa da marigayiyar a kan ta daina tura mana yara waje, shi ne ya ce masa, "Kada ka zo. Ka ji ni? Kada ka kuskura ka zo. Ƙasa za ka tarar, ita kuwa ba ta magana. Uwarka ta biya kujerar nan da abin da ya fi ƙarfinta. Je ka zauna a kanta." Majalisar Amintattu ta zauna a kan wannan magana, kuma da murya ɗaya ta goyi bayan Shugaba. Efraín ya karɓa, ba don ransa ya so ba.

Muna sanar da jama'a cewa za a yi sujadar jana'iza ranar Juma'a da rana a cocin unguwarsu, daga nan a wuce da ita El Tocuyo a binne ta kusa da iyayenta. Addu'ar kwana tara za a yi ta ne a zauren ƙungiya. Makaɗanmu sun sauko da Doña Zoraida daga bene a kan kujera, kuma iyalin Don Hermógenes sun karɓe ta, za ta zauna tare da su. A yammacin wannan Juma'ar, daidai lokacin da za a mayar da ƙasa, Efraín zai kasance a kan dandali a wata ƙasa, cikin baƙaƙen kaya kamar sauran abokan aikinsa, yana yi wa mutanen da ba su san an yi mutuwa ba kiɗa. Saboda haka duk wanda ya shiga coci ya ga gurbin ɗa a benci na gaba babu kowa, muna roƙonsa ya kama bakinsa. Mu muka hana shi zuwa, kuma in akwai zargi, a kawo mana.

Muna roƙon Allah Maɗaukaki, mai jinƙai, ya gafarta wa baiwarsa Amarilis kurakuranta, ya karɓi kyawawan ayyukanta, ya ba ta hutu na har abada. Ya ba Doña Zoraida haƙuri da lafiya, ya ba almajiranta na kusa da na nesa juriyar wannan babban rashi. Efraín kuwa, Allah ya sanyaya masa zuciya, ya riƙe masa hannu ranar Juma'a. Amin.

Sa hannu:

Farfesa Nélida Freitez Anzola
Kakaki kuma Sakatariyar Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Makaɗa da Masu Tsara Kiɗa ta Kwarin Turbio,
Barquisimeto.